Zuwa Girne da tsohuwa: akwai abin gani, ko gidajen caca ne kawai?

Maman Yara, Gwammaja:
Salamu alaikum jama'a. Ɗana zai gama karatu a Lefkosha, Arewacin Saifurus, za mu je bikin yaye su ni da surukata. Ya kafe sai ya kai mu wani gari Girne a bakin teku, ita kuma Hajiya wata a unguwa ta tsegunta mata wai garin 'yan caca ne da masu yawo tsirara, har ta ce a bar ta a masauki da carbinta. Don Allah wanda ya san wurin ya gaya mana gaskiya. Kuma gwiwarta ba ta son matakala.

Tsohon Ɗalibi, Kabuga:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. A can na yi digiri. Wadda ta faɗa ba ta yi ƙarya ba, akwai gidajen caca a manyan otal-otal, amma sai wanda ya kai kansa. Ku nufi tsohuwar tashar jiragen ruwa. Daga Lefkosha wajen rabin awa ne a mota, kuna gangarowa daga tsauni sai ga teku shimfiɗe a gabanku.

Tsofaffin gine-ginen da suka zagaye tashar rumbuna ne a da, na wani ɗan itace mai kama da ɗorawa da ake lodawa zuwa Turai. Yanzu duk sun koma gidajen abinci. A gefen gabas akwai ganuwa. Rumawan Bizantiya ne suka fara ta, mutanen Benis ta ƙasar Italiya suka ƙara mata kauri saboda igwa, amma da Daular Usmaniyya ta Turkawa ta zo a 1570 sai aka miƙa ta ba yaƙi. Kabarin kwamandansu na ruwa, Sadik Pasha, yana nan a hanyar shiga.

Abin da nake so Hajiya ta gani yana cikin ganuwar: wani jirgin katako da ya nutse wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani mai ninƙaya ya gano shi a 1965, aka tsamo shi katako-katako aka sake haɗawa. Tsawonsa kamar mita 14. Ga tuluna kusan 400 da ya ɗauko, ga duwatsun niƙa, har da 'ya'yan almon da suka yi baƙi ƙirin. Kofi huɗu aka samu, cokali huɗu, shi ya sa ake cewa mutum huɗu ne a jirgin. Ni nan na fi daɗewa a tsaye, ina tunanin fatake ne kawai suka fita neman halak ɗinsu.

In azahar ta yi, masallacin Aga Jafar Pasha na bayan tashar, tun ƙarni na 16 yake.

Ɗan Kwari:
Hajiya ni kasuwa ke kai ni Istanbul, na leƙa Arewacin Saifurus wajen ƙanena. Ta Turkiyya ake shiga, a sauka filin jirgin Erjan, don Turkiyya kaɗai ta yarda ƙasa ce. Tun 1974 da sojojinta suka sauka yamma da Girne tsibirin ya rabu biyu, Girkawan garin suka koma kudu. Kada yaro ya ce zai tsallaka da ku kudun hakanan. Lira ake kashewa. Kuma hannun hagu suke tuƙi, gadon Ingila, ku riƙe hannun tsohuwa wajen tsallaka titi. Abincin bakin ruwa tsada, kuɗin kallo kuke biya. Ku tambayi farashi kafin ku zauna.

Anti Malama, Tarauni:
Ni dai ban yarda a raina maganar Hajiya ba. Da rani tashar ma cike take da Turawa da guntayen kaya, ga kwalabe a kan tebura. Ku je da hantsi ku fito kafin yamma. Idan akwai sarari ku wuce gabas kaɗan zuwa Hazrati Umar, ƙaramin masallaci a kan duwatsun bakin ruwa, da kaburbura bakwai da ake cewa na mayaƙan Musulmin farko ne. Ba Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ba ne fa, kada a dawo Kano da wani labari.

Tsohon Ɗalibi, Kabuga:
Gaskiya ne Anti. Na manta batun gwiwa: kada a kai ta ganuwar Sen Hilariyon, tana kan tsauni mita 732, matakala ce zalla. Belafayis ta fi sauƙi, mota na kaiwa kusa da ƙofa, tsohon gidan ibadar Kirista ne na ƙarni na 13, daga nan ana hango garin gaba ɗaya.

Maman Yara, Gwammaja:
Na gode, Allah ya saka. Na karanta wa Hajiya, ta ce za ta je ganin jirgin da masallacin, amma kifi sai dai a saya a soya mata a gida. Ɗan Kwari, dala zan riƙo ko in canza lira tun a Wapa?