Wai manhajojin ajiye kalmar sirri abin yarda ne kuwa?

Abban Hanan:
Salam 'yan uwa, dan Allah masana ku taimaka. Akawun ɗina sun yi yawa, imel, banki, Facebook, na wajen aiki, kuma kusan duk kalmar sirri ɗaya nake sa musu. An ce in koma amfani da manhajar da ke ajiye su wuri ɗaya, to amma abin da ke damuna, in aka yi wa manhajar kutse ai shikenan an kwashe komai a tashi ɗaya ko?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Tsoronka yana kan hanya malam, don ya taɓa faruwa, a 2022 masu kutse sun sace kwafin rumbunan masu amfani da LastPass, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajojin. Kalmomin sirrin a kulle suke, amma adireshin shafukan da mutum ke shiga a buɗe suka tafi, kuma wanda babbar kalmarsa, wato kalmar sirri ɗaya da ke buɗe duk rumbun, gajeriya ce barawon zai zauna da kwamfuta yana ta gwaji har ya fasa, ba mai hana shi tunda kwafin yana hannunsa. To amma wallahi abin da kake yi yanzu ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba, don in shafi ɗaya ya zubar da bayananka nan take za su gwada imel ɗinka da kalmar nan a sauran shafuka. Ka shiga shafin Have I Been Pwned ka sa imel ɗinka ka gani ko yana cikin bayanan da aka taɓa sacewa. Shawarata ka yi amfani da manhajar Bitwarden ko 1Password, babbar kalmar ka haɗa kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, ba sunan ɗanka ba, ba ranar haihuwa ba, sannan ka kunna tantancewa ta mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida kamar lambar da ke zuwa a wayarka kafin a shiga.

Maman Khairat:
Ni fa a littafi nake rubuta nawa ina kulle shi a durowa, laifi ne Injiniya?

Injiniya:
Ba laifi Hajiya, mai kutse ba ya shiga durowa ta intanet. Sai dai gobara ko ɓata, kuma kar ki riƙa yawo da shi a jaka. Ita babbar kalmar ma a takarda ya kamata a ajiye ta, don in an manta kamfanin kansa bai san ta ba balle ya dawo maka da ita.

Ɗan Baba:
Wanda bai yarda da ajiya a sabar kowa ba, wato kwamfutar kamfani da ke kan intanet, ya yi amfani da KeePass, fayil ɗin a na'urarka yake zama, amma fa kai za ka riƙa yin kwafinsa a filasha, in kwamfutar ta mutu babu kwafi sai haƙuri. Kuma lambar tantancewa kar ka dogara da ta SMS, ana sace layin waya, gara manhajar Google Authenticator da ke samar da lambar a cikin wayarka, ko makullin YubiKey, 'yar na'urar da ake jonawa a kwamfuta ko waya.

Abban Hanan:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Bari in fara da canza ta imel tunda ta nan ake sake saita sauran.