Thomas Bowen: mai wa'azi ne ko ɗan share fagen mulkin mallaka?

Ɗalibi daga Gadarif: Assalamu alaikum. Ni a ganina Thomas Bowen, faston Baftis da ya sauka Badagiri, a Najeriya ta yau, a 1850, share fage ya zo yi wa 'yan mulkin mallaka. A karkarar jihar Jojiya ta Amurka aka haife shi a 1814, kuma kafin ya fara wa'azi ya yaƙi 'yan asalin ƙasar a 1836, sannan ya shiga rundunar Tekzas. Wanda ya taya ƙwace ƙasar wasu, yaya za a amince da zuwansa ƙasar kakanninmu?

Malami daga Mai Wurno: Wa alaikumus salam. Ɗana, yaƙin da ya yi abin zargi ne, amma kada mu ɗora wa mutum kayan da ba nasa ba. Waɗanda suka sa kakanninmu hijira har bakin wannan kogi na Nilu a Sudan sojojin Ingila ne, waɗanda suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, alhali Bowen ya bar ƙasar Yarbawa tun 1856, ya mutu a 1875, Amurka kuma ba ta taɓa mulkin ƙasarmu ba.

Hajiya daga Kasala: Allah gafarta malam, abin da ya fi damuna shi ne ƙungiyar Baftis ta kudancin Amurka da ta aiko shi, domin a 1845 ta ɓalle daga 'yan uwanta na arewacin Amurka saboda kare masu riƙe bayi. Kuma ƙasar Musulmi ya nufa, shi ya sa ya je Ilori a 1855.

Malami: Gaskiyarki, Hajiya, wannan tabo ne babba. Sai dai da Sarkin Ilori ya hana shi zama, komawa Ogbomosho ya yi, bai ɗauki bindiga ba. Abin da ya bari shi ne coci, da nahawu da ƙamus na Yarbanci da aka buga a 1858, ga kuma jami'ar Iwo da ke ɗauke da sunansa.

Ɗalibi: Malam, da ya koma gida ai ya nemi gwamnatinsu ta tura ayarin binciken kogin Kwara, kuma da bincike irin wannan Ingila ta fara.

Malami: Ya nema, amma ayarin bai taɓa tashi ba. Kawo mana shaidar cewa wata runduna ta amfana da tafiye-tafiyensa, sai in karɓi maganarka.