Fox a Hausa: dila ne ko yanyawa?

1/
Salamu alaikum jama'a. Ina koyar da kimiyyar halittu a wata sakandare a nan cikin birnin Kano, kuma tun zangon da ya wuce nake rubuta wa ɗalibaina bayanin dabbobin dawa da Hausa, don na lura abin da aka faɗa wa yaro da harshen gida shi ya fi zama a kansa. Zaki, damisa, kura, duk na wuce su salin-alin. Da na iso dangin kare sai kalma ɗaya ta tsayar da ni cak, wato dabbar da Turawa ke kira fox.

2/
Duk wanda na tambaya a ɗakin malamai amsa ɗaya ya ba ni: dila. Haka ma masu fassarar labaran ƙwallo suke yi idan an zo kan The Foxes, laƙabin Leicester City, ƙungiyar da ta ci Firimiya a 2016, wadda Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya koma a waccan shekarar. Ni kuwa raina bai kwanta ba, domin a littattafan da nake koyarwa da su dila yana da nasa sunan daban da Turanci, wato jackal, da nasa hoton, kuma hotunan biyu ba sa kama da juna.

3/
Ranar wata Asabar na shiga Kasuwar Kurmi, na bi ta wajen masu fatu. Akwai wani dattijo da ya yi farauta da ƙuruciyarsa. Na gaishe shi, na miƙa masa waya da hoton irin da ake samu a yankinmu, na ce, "Baba, wannan dila ne?"

Ya matso da wayar kusa da idonsa, ya ɗan jima yana kallo, sannan ya girgiza kai. "A'a ɗana, wannan ai yanyawa ce. Dubi jelar. Dila ƙafa gare shi, ita kuwa jela gare ta."

Sai ya zura hannu cikin wani tsohon buhu ya zaro 'yar fata, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba in ka cire jela. Launinta sak na rairayi, gashin laushi kamar auduga, jelar bujum, ƙarshenta baƙi sai ka ce an tsoma shi a tawada. Ya ɗora min ita a tafin hannu, ban ji nauyin komai ba. Ya ce ita ba ta isa ta taɓa ɗan akuya ba, sai dai ɓera da fara da ƙadangare, in ta samu sarari kuma ta ɗauke kaza, dare na yi ta fito, gari na wayewa ta shige rami.

Ashe kalmar tana nan a bakin mutanen daji. Mu 'yan birni ne muka daina jinta.

4/
Abin da Baba ya faɗa shi ne abin da kimiyya ta tabbatar. Dila na kusa ne da kare da kyarkeci. Hasali ma a 2015 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa wanda aka daɗe ana ɗauka a matsayin dila mai ruwan zinare a Arewacin Afirka da Sahel, ƙaramin kyarkeci ne. Nauyinsa yakan kai kilo 7 zuwa 15. Yanyawa kuwa reshenta daban ne, ya rabu da na kare tun shekaru miliyoyi. Ƙafafunta gajeru, bakinta siriri, jelarta doguwa mai tulin gashi. Sannan akwai alamar da ba ta ƙarya: ƙwayar idonta a tsaye take tsukewa idan haske ya yi yawa, irin ta kyanwa, alhali ta dila da ta kare zagaye ce. Farautarta ma irin ta kyanwa ce, ta laɓe, ta kasa kunne, ta yi tsalle sama ta diro kan ɓera da ƙafafun gaba.

To in muka ce wa dukansu dila, ɗalibi zai fita aji yana zaton dabba ɗaya ce. Abin da na ƙi ke nan.

5/
Shawarata: yanyawa ta zama sunan gidan gaba ɗaya, kowane iri kuma mu raɓa masa abin da ya bambanta shi. Hausa ta saba da wannan hanya. Jirgi na ruwa kakanninmu suka sani, da na ƙasa ya iso Kano a 1911 ba su ƙago sabuwar kalma ba, suka ce jirgin ƙasa, daga baya aka samu jirgin sama. Dankali ma haka, da na waje ya zo aka ce dankalin Turawa, namu ya koma dankalin Hausa.

A gidan da masana ke kira Vulpes, wato yanyawa ta asali, iri 12 ne. Ga yadda nake ganin za mu kira waɗanda aka fi ambato.

6/
Wadda aka fi sani a duniya, ta jikin tambarin Leicester, sunanta ba ya buƙatar gardama: jar yanyawa. Ita ce babba a gidan, kuma babu dabbar dawa mai cin nama da ta kai ta yaɗuwa, daga Turai zuwa Asiya, Amurka ta Arewa da gefen Arewacin Afirka. Turawan Ingila sun kai ta Ostareliya a ƙarni na 19 don wasan farauta, ta yi ta hayayyafa har ta zame wa ƙananan dabbobin ƙasar annoba. A Landan cikin unguwanni take kwana, tana bin kwandon shara da dare yadda kyanwa ke yi a nan.

7/
Ta kusa da ƙarshen duniya ta arewa, wasu sun ce mu kira ta farar yanyawa. Ban yarda ba, don farinta na hunturu ne kawai. Da zafi ya shigo takan zubar da gashin ta koma ruwan ƙasa ko toka-toka. Yanyawar ƙanƙara ya fi dacewa, domin wannan suna ba ya sauyawa da yanayi. Tana rayuwa cikin sanyin da ya kai digiri 50 ƙasa da sifili, kunnuwanta 'yan gajeru don kada ɗumin jiki ya tsere, har tafin ƙafarta gashi ne. A 2018 masu bincike na ƙasar Norwe sun ɗaura wa wata 'yar matashiya na'urar bin sawu, ta tashi daga tsibiran Svalbard ta bi ta kan daskararren teku har arewacin Kanada, kilomita 3,506 cikin kwana 76. Wannan ya ɗan zarce nisan Kano zuwa Jidda a miƙe. Da na faɗa wa ɗalibaina haka, ajin tsit ya yi.

8/
Inda aikin yake shi ne a nan gida, domin yankinmu yana da iri uku, kuma duka ukun launin rairayi ne.

Ta farko ita ce mai baƙin ƙarshen jela, wadda Baba ya nuna min fatarta. Tana zaune a ɗamarar Sahel tun daga Senegal har Sudan, ciki har da arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Nauyinta kilo 2 zuwa 3 da 'yan kai. Gwanar haƙa ce, raminta kan yi tsawon mita 15, a samu iyali guda a ciki. Tana cin ƙwari da 'ya'yan itace da guna, kuma daga abincin take samun yawancin ruwan da take buƙata. Da farko na so in ce mata yanyawar jigawa, tunda jigawa a Hausa ƙasa ce mai rairayi, irin wadda take haƙa rami a ciki. Sunan ya yi min daɗi ƙwarai. Amma wata malama abokiyar aikina ta ce, "Malam, yaran nan za su ɗauka a Dutse da Haɗeja kaɗai ake samunta." Gaskiyarta ne. Na sauka, na koma yanyawar Sahel. A hirar yau da kullum kuwa, in an ce yanyawa kawai ba ƙari, ita ake nufi, don ita ce tamu.

Ta biyu tana can gaba, a hamada mai duwatsu, daga Maroko da ƙasar Abzin har yankin Larabawa da Pakistan. Ƙarshen jelarta fari ne. Turawa sun laƙaba mata sunan wani Bajamushe mai binciken dabbobi, Rüppell, sunan da ba zai zauna a bakin Bahaushe ba. Mu ce yanyawar hamada.

9/
Ta uku ce ta jawo min gyara daga wani ɗan'uwa mutumin Damagaram, wanda ya ce a wajensu in an ce yanyawa, hankali kan tafi ne ga 'yar ƙaramar nan mai manyan kunnuwa. Malam, na gode, kuma maganarka ta ƙarfafa tawa: in Bahaushen Kano da na Damagaram suna kiran iri biyu da suna ɗaya, ashe tun tuni kalmar ta zama sunan gida, mu dai rubutawa kawai za mu yi.

Wannan 'yar ƙarama ita ce auta a duk dangin kare na duniya. Da ƙyar take wuce kilo ɗaya da rabi, amma kunnenta kan kai santimita 15. Kunnen yana yi mata aiki biyu: yana fitar da zafi daga jiki, kuma da shi take jin motsin ƙwaro a ƙarƙashin rairayi. Ku haɗa ta da ta ƙanƙara ku ga ikon Allah, gida ɗaya, wannan an ba ta kunne faka-faka saboda zafi, waccan an rage mata saboda sanyi. Larabawa na ce mata fanak, daga nan Turawa suka aro nasu sunan. Ita ce laƙabin ƙungiyar ƙwallon Aljeriya, wadda ta fitar da Najeriya da ci 2 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a 2019.

Ana iya aro fanak, ba laifi ba ne, Hausa cike take da aron Larabci. Amma ni na fi son yanyawa mai kunne, saboda yaron da bai taɓa ganinta ba, da ya ga hoto zai gane ta da sunan.

10/
Sauran na gidan sunan ƙasarsu ya ishe su: yanyawar Tibet mai faffaɗar fuska, yanyawar Indiya, yanyawar Afirka ta Kudu, da sauransu.

11/
Sai kuma waɗanda Turanci ya ba su sunan alhali ba 'yan gidan ba ne. A nan kada mu bi Turanci ido rufe. Akwai mai launin toka ta Amurka, wadda ke hawa bishiya da farata kamar kyanwa. Tunda siffarta ta yanyawa ce, yanyawa mai hawan bishiya ya yi. Akwai ta Gabashi da Kudancin Afirka, ita ma kunnuwanta manya, Turawa suka kwatanta su da na jemage. Abincinta mafi yawa gara ce, kuma haƙoranta sun kai 46 zuwa 50, fiye da na kare mai 42. Ita yanyawar gara za mu ce, mu kauce wa ruɗani da mai kunne. Na Kudancin Amurka kuwa, duk da kamannin, sun fi kusa da kare da kyarkeci a jini, don haka a takardar ɗalibaina na rubuta masu kama da yanyawa. Akwai ma wani babban jemage mai cin 'ya'yan itace da Turawa ke kira da sunan fox mai tashi. Wannan jemage ne, kada kowa ya fassara shi da yanyawa ko dila.

12/
Ba na cewa a kori dila. Akwai wurin da shi ne daidai. A tatsuniyoyin Turai fox ne mai wayo, a namu kuwa wannan kujera ta dila ce, malamin daji. Duk mai fassara tatsuniya, ko yana son ya ce wane mai dabara ne, dila zai sa, don in ya ce yanyawa ma'anar ta ɓace, Bahaushe bai san ta da wannan hali a baka ba. Laƙabin ƙungiyar ƙwallo ma zan iya haƙura da shi, tunda wayon ake yaba wa. Amma a aji, da labaran kimiyya, da allon da ake kafawa a gaban keji a gidan namun daji irin na Audu Baƙo, inda dabbar kanta ake nufi, yanyawa ce.

13/
Abu ɗaya nake roƙo. Wanda yake da uba ko kaka mafarauci, musamman mutanen Daura, Gumel, Nguru, Damagaram da Agadas, ya nuna masa hotunan ukun nan na yankinmu, mai baƙin jela, mai farin jela da mai kunne, ya tambaye shi ko kowacce da sunanta daban a bakinsu. In aka samu tsohon suna, nawa zan goge in sa nasu. Kafin nan, ranar Litinin abin da zan rubuta a allo ke nan: dangin kare, dila a gefe ɗaya, yanyawa da ire-irenta a ɗaya gefen, kuma Baba ya yi min alkawarin aron fatar nan in kai aji yara su taɓa da hannunsu.