Me za mu kira gyaran da ake yi wa dutsen washi idan ya yi kwarmi?

Assalamu alaikum, malamai da dattawan sana'a. Ina neman mu tsayar da kalmar Hausa ga wani aiki da masu wasa aska a Turai, Amurka da Japan suke yi wa dutsen washi, wanda a Turanci ake kira lapping. Aikin shi ne a ci fuskar dutsen a kan wani abu mai tauri wanda aka tabbatar ba shi da tudu ko kwari, har fuskar ta koma bai ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan.

Askar da ake nufi ita ce mai naɗewa cikin ƙotarta, irin wadda garuruwan Shefild a Ingila, Solingen a Jamus da Thiers a Faransa suka yi suna da ita. Wajen washi ana kwantar da ita ne gaba ɗaya, bayanta da bakinta suna taɓa dutse a lokaci guda, ta yadda kaurin bayan ne yake tsayar da kusurwar kaifin, wadda yawanci ba ta wuce digiri 15 zuwa 18 ba. Da zarar tsakiyar dutsen ta zurma, kusurwar takan riƙa sauyawa a cikin ja ɗaya, wani sashe na bakin ya ci dutse wani ya rasa, sai a wayi gari askar tana yanke gashi a tsakiya amma tana tsinkarsa a ƙarshe. Duk wanzamin da ya daɗe da dutse ɗaya a zabirarsa ya san wannan cinyewar tsakiya, kuma muna da sunanta, wato kwarmi. Maganinta ne nake nema wa suna.

Kalmar da ta fara zuwa bakin mutane ita ce gogewa, kuma ita na fi gudu. Wanda aka ce wa ya goge dutse zai nemi santsi da sheƙi, alhali dutse yana iya yin sumul yana ƙyalli kuma kwarminsa na nan daram. Hasali ma, mai wannan aiki da abu mai kaushi yake farawa. Yakan ja layuka a tsaye da a kwance da fensir a fuskar dutsen, ya jiƙa sanfefa mai jure ruwa, kamar mai lamba 220, ya shimfiɗa ta a kan gilashi mai kauri, ko ya barbaɗa garin silikon kabaid, wani gari mai kaushi da tauri da yake cin dutse, a gilashin, ko ya ɗauki farantin ƙarfe mai ƙwayoyin daimon, sa'an nan ya yi ta murza dutsen yana jujjuya shi. Layukan gefe ne suke fara ɓacewa, na tsakiya su saura, kuma ba a cewa an gama sai an sake zana layukan an ga sun tafi tare cikin 'yan murzawa kaɗan. Bayan haka ne ake komawa ga lamba 400 ko 600, waɗanda suka fi laushi, domin rage zanen da kaushin ya bari, a kuma dasashe kaifin gefunan dutsen don kada su kama bakin aska. Santsi a ƙarshe yake zuwa, saboda haka bai kamata a raɗa wa aikin suna da shi ba.

Wani dattijo daga cikinmu ya kawo koɗa, kuma ranka ya daɗe, wannan shawara ta fi sauran nauyi a wurina, domin ita kaɗai ce kalmar da Bahaushe ya riga ya keɓe wa gyaran fuskar dutse. Idan dutsen niƙa ya yi santsi ya daina cin hatsi, akan sa makoɗi a yi ta ƙwanƙwasarsa har kaushinsa ya dawo. Sai dai abin da koɗa take mayarwa shi ne ci, kuma dutsen niƙa da aka koɗa yana nan da kwarminsa, har ma masu niƙa suna son sa a haka don ya riƙe gari. Ina ganin a ajiye kalmar ga aikin da ya yi mata daidai a wannan sana'a, domin akwai shi. Dutsen Akansas, wanda ake haƙowa a duwatsun Ouachita na Amurka, kusan tsantsar silika ne, wato ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi, yana da tauri ƙwarai, bai cika yin kwarmi da wuri ba, amma fuskarsa takan yi santsi da yawan aiki har ya rage ci. Mai shi yakan murza shi a garin silikon kabaid don ya farfaɗo da shi, ko da fuskar ba ta karkace ba. Wannan koɗa ce sosai, kuma zan yi murna in ga an rubuta ta haka.

An kuma kawo gyaran fuska, da hujjar cewa Japanawa, waɗanda duwatsunsu na yankin Kiyoto suke cikin mafi daraja a wajen masu aska, suna kiran aikin mennaoshi, wato gyara fuska. Hujjar tana da kyau, amma a bakin wanzami gyaran fuska shi ne abin da yake yi wa mai neman a rage masa gemu da saje, kuma ba zai yiwu sana'a ɗaya ta kira ayyuka biyu da suna ɗaya ba tare da ruɗani ba. Kalmar baje kuwa ta fi dacewa da ƙasa da yashi.

Kashe kwarmi ta burge ni, domin gajeriya ce kuma tana nuna ciwon kai tsaye. Inda ta gaza shi ne, kwarmi ba shi kaɗai ne aibin ba. Akwai dutsen da yake yin doro a tsakiya, akwai wanda ya murɗe, kusurwa ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsayi, akwai kuma sabon da ya zo daga mahaƙa da zanen zarto a jikinsa. Wanda ya haɗa duwatsu biyu yana murzawa da niyyar gyara su yakan haifar da doron da hannunsa, domin ɗaya yana iya zurmawa ɗayan ya yi tudu, su zauna wa juna daram alhali babu mai kyau a cikinsu. Wannan ne dalilin da ya sa ake amfani da uku ana musanya su bi da bi, dabarar da injiniyan Ingila Joseph Whitworth ya yi fice da ita a shekarun 1830 wajen gyaran farantan ƙarfe. Kalmar da za mu tsayar dole ta ɗauki dukan waɗannan.

Saboda haka na tsaya a kan daidaita fuskar dutse, a taƙaice daidaita fuska. Na san za a ce daidaita ta yi faɗi, tunda ana daidaita farashi, ana daidaita ma'aurata, amma ƙara mata fuska ya ɗaure ta a wuri ɗaya, kuma tana ɗauke da ma'anar tsayawa da zarar an kai ga daidai. Wannan yana da muhimmanci ga dutse irin kotikul na yankin Vielsalm a Beljiyam, wanda ƙananan ƙwayoyin wani ma'adini mai tauri, ganet, da ke cikinsa ne suke cin ƙarfe. Ɓangarensa mai ruwan ɗorawa siriri ne, galibi a manne yake da wani dutse mai duhu a ƙasa, kuma duk abin da aka cinye daga cikinsa ba ya dawowa. Mai irin wannan dutse yana bukatar kalmar da za ta gaya masa ya ɗaga hannu da zarar layukan fensir sun tafi.

A wajen amfani sai a ce: dutsen nan ya yi kwarmi, a daidaita fuskarsa kafin a wasa aska, ko kuma, fuskarsa daidai take, koɗa kawai yake so. Abin da ake murza dutsen a kansa ba zai amsa sunan madaidaici ba, tunda kalmar ta riga ta zama ta matsakaicin abu, don haka na ba da shawarar magogin dutse, ko na daimon ne ko na gilashi da gari. A kan wannan na ƙarshen ina son jin ta bakin wanzamai da maƙera, musamman na Zazzau, Katsina da Damagaram, ko akwai sunan da suka gada wanda ya fi shi.