Wa aka taɓa yi wa ɗansa aikin gyaran ƙofar fitsari?

Maman Sadiq, Tudun Jukun: Salamu alaikum 'yan uwa. Jaririna watansa biyu, ƙofar fitsarinsa ba a kan gabansa take ba, can ƙasa take, loɓar ma sama kawai ta rufe. Kakarsa ta ce ai da kaciyarsa aka haife shi, a kira wanzami ya ƙarasa. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Abban Khalil, Samaru: Wa alaikumus salam. Don Allah Hajiya kar a bari wanzami ya taɓa shi, wannan fatar da ita likita yake amfani wajen gyara hanyar fitsarin ya kawo ta har baki, in an yanke ta aiki ya ƙara wuya. Likitoci na ce masa haifosfadiyas. Namu a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika aka yi, sashen tiyatar yara, yana ɗan shekara ɗaya, sun ce daga wata 6 zuwa 18 aka fi son yi. Yanzu a tsaye yake fitsarinsa, Alhamdulillah.

Maman Ummi, Sabon Gari: Tiyatar ba ita ce wahala ba, jinyar ce. Robar fitsari suka bar masa kusan kwana goma, yaro mai rarrafe, ga kiriniya, dole mutum ɗaya na riƙe da hannunsa in ana canji. Nas ta koya min saka famfas biyu, na ciki a huda shi a zaro robar ta zuba a na waje, fitsari bai jiƙa ciwon. Ranar da aka buɗe bandeji na ga kumburi sai da na yi kuka, ashe haka yake yi kafin ya saɓe.

Baban Hanif, Kofar Doka: Namu ƙofar can kusa da 'ya'yan maraina take, ga gaban ya lanƙwashe, sau biyu aka shiga da shi, wata shida tsakani. Bayan nan wata 'yar huda ta ɓulle fitsari na fita ta biyu, aka jira wurin ya warke aka ɗinke. Ki tambayi likita tun farko ko aikin naku zama ɗaya ne, don ku shirya kuɗi da zuciya.

Maman Sadiq: Allah saka da alheri. To Hajiya kaka fa, ya zan yi da ita?

Maman Ummi: Ki sa babansa ya tafi da ita asibitin ta ji daga bakin likita, tawa surukar a nan ta sauko.