Jarida ta koma hannun mai tsire

Ɗiyar Mabera:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Na sa tambayata cikin baiti, ku amsa min da irinsa.

Da sunan Allah na hwara, ku ba ni shawara,
Nuhina in yi karatu in zan 'yar jarida.
Inna ta ce: "Ɗiyata, buɗe ido ki duba,
Wa kinka iske shina karanta ta cikin gida?
Mai tsiren bakin titi shi aka kai ma ita,
Shi naɗe nama da yaji, a yar da takarda."
Shin in bi son raina ko in bi ta Inna,
Kar in ƙare boko in koma tallan gyaɗa?

Baba Mai Jarida:
Ɗiyata, Innarki ba ta hwaɗi ƙarya ba,
Shekara 30 na yi ina saida jarida.
Da asuba nika tarbon motar Kaduna,
In ɗaure bisa keke, in nuhi Kanwuri da hwada.
New Nigerian ta ma'aikata, The Path ta jiharmu Sakkwato,
Gaskiya Ta Fi Kwabo ko ta dattawan gida.
Tun 1939 anka hwara ta a Zariya,
Abubakar Imam na edita, tarihi na shaida.
Mutum guda ka saye, goma su kewaye shi,
Makaho ma shi ji, shi kai labari gida.
Yau a tsaya gaban teburina a leƙa kanu,
A aje min a wuce, ba mai sayen ko guda.
Takardar bugu da dala aka sawo ta waje,
Naira ta hwaɗi, bugu ya yi tsada.
Masu talla sun kwashe sun koma Facebook,
Raina na ɓaci in na tuna kwanakin da.

Kawu Ɗan Rahoto:
Yaya, kukanka nawa ne, ni ma na ɗanɗana,
Wata 7 wani gidan jarida ba albashi ko guda.
Da nic ce yunwa, sai anka nuna wuyana,
Wai in tahi in ci da katin shaida.
Amma ɗiyata, aikin bai mutu ba tukuna,
Rediyo Rima na nan, ana saurare har Illela da Gada.
BBC Hausa tun 1957 take magana,
Ga ta yau cikin waya, ga Aminiya ta bi hanya guda.
In anka ce an kai hari Isa ko Sabon Birni,
WhatsApp ya ɗauka, kowa shina yaɗa,
Wa za ya kira mutanen garin shi tantance,
Kahin uwa ta suma kan ɗan da ke raye a gida?
Ki koyi ɗaukar hoto da haɗa murya,
Ki riƙe sana'ar hannu, kar ambulan ta cin hanci ta sa ki sai da shaida.

Ɗiyar Mabera:
Kawu, baitin uwar nan ya sa ni hawaye,
Ƙanen Inna na Isa, mun kwana bakwai ba mu ji ɗuriya tai ba a gida.
Zan cike takardar shiga makarantar jarida, ɗinkina kuma ba ni bari.

Baba Mai Jarida:
To ki biyo ta Gawon Nama ran Assabar,
Akwai tsohin Gaskiya cikin adakata guda.
Mai tsire ya taya su sau uku na hana shi,
Ki zo da buhu, ki kai su gida.