Wace kalma za mu ba wavetable? Ni dai na tsaya a "jerin amo"

'Yan uwa masu haɗa kiɗa da kwamfuta, shawararku nake nema. Kwana biyu ina koya wa ƙanena aiki da Vital, wata manhajar haɗa sauti a kwamfuta, kuma duk sanda muka iso kan wavetable sai bakina ya koma Turanci. Yaron yana murɗa abin sarrafa wavetable ɗin, yana jin sauti na canjawa, amma ba ni da sunan da zan ba shi ya riƙe. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Mu fara sanin abin kafin mu raɗa masa suna. Wolfgang Palm, injiniya ɗan Jamus mai kamfanin PPG a Hamburg, shi ya fito da dabarar, ta kuma yi suna da na'urar PPG Wave 2 ta 1981. Ana ajiye ɗan gutsuren sauti, kaɗawa ɗaya tak, sai na'ura ta yi ta maimaita shi. In ta maimaita sau 440 a daƙiƙa, ka sami muryar A da ake saita kayan kiɗa da ita. Siffar gutsuren ce ke sa ka ji shi kamar sarewa ko kamar ƙararrawa. Hikimar Palm ita ce ya jera gutsure 64 a layi guda, kowanne ya ɗan saɓa da maƙwabcinsa. Danna maɓalli ɗaya ka riƙe, ka riƙa murɗa abin da ke bi da kai ta kan layin a hankali: sautin zai taso da taushi, ya yi ƙarfe-ƙarfe a tsakiya, ya ƙare da kaifi, alhali muryar ba ta hau ba, ba ta sauka ba.

To, wani ya ce mini "teburin igiyar ruwa". Ban karɓa ba, don babu tebur a nan, babu ruwa. "Jadawalin zango" ya fi kusa, tunda kunne ya saba da gajeren zango a rediyo, sai dai zango tsawo yake nufi, mu kuwa siffa muke magana a kai.

Abin da ke canjawa shi ne amo. Kalangu da sarewa za su iya haɗuwa a murya ɗaya, amma amonsu daban. Shi kuma "jeri" yana nuna akwai na farko, akwai na ƙarshe, kuma ana bi ta kansu. Shi ya sa na ce jerin amo. Bin layin nan kuwa in ce masa zamiya. Da na ce wa ƙanena "zame zuwa tsakiyar jerin", hannunsa ya tafi wurin ba tare da ya tambaye ni ba.

Sai batun manhajojin. A nan akwai gida biyu. Serum, wadda Steve Duda ya fitar a 2014, da Vital ta Matt Tytel ta 2020, sabbin gini ne a kan tsohuwar dabara. Serum ma tana ɗaukar gutsure har 256 a jeri ɗaya. Su "manhajar jerin amo" ya ishe su. Amma PPG Wave 2.V da kamfanin Waldorf ya yi, da magajiyarta 3.V, burinsu su dawo da tsohuwar na'urar da kaushinta, wannan kaushin na bit 8 (ƙarancin lambobin da take ajiye sauti da su) da matacin sautinta, mai rage kaifi, ke lallashi. Kada a ce musu jabu, ba don a cuci kowa aka yi su ba. Kwafi ma bai dace ba, tunda lissafi ne ya maye gurbin wayoyi. Ni makwaikwayiya nake ce musu: makwaikwayiyar PPG.

Inda na tsaya cak shi ne synthesizer kanta, wato na'ura ko manhajar da ke samar da sautin, irin su PPG Wave da Vital. "Fiyano" ba zai ɗauke ta ba, don ita ƙera sautinta take yi daga tushe. Ina juya "maƙerar sauti" a bakina tun jiya. Wanda ke da wadda ta fi ta sauƙin faɗa, don Allah ya kawo.